Kada A Bar Tsohon Dogo Ga 'Yan Gwangwan

Ran 29 ga watan Mayu na shekarar 2024 Shugaba Tinubu ya sake buɗe jirgin ƙasa na cikin birnin Abuja, wanda reshensa guda yake tashi daga Idu, ya bi ta Gwagwa da Dei-Dei, ya tsaya a Gbazango ta Kubwa, cikin ƙasar Ƙaramar Hukumar Bwari. Wannan jirgi ba sabo ba ne. Tun cikin 2007 aka ba da kwangilar aikin, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi ran 12 ga watan Yuli na 2018, amma bai cika shekara biyu yana aiki ba annobar korona ta tsayar da shi. Shekara huɗu cur dogon yana kwance ba mai bi. Cikin waɗannan shekaru ciyawa ta rufe harabar tashoshi, ɓarayi suka yi ta yankan wayoyi suna kwashe kayan aiki, har ya zamana sai da gwamnati ta sake zuba kuɗi masu yawa kafin jirgin ya tashi.

Mutanen Kubwa da kewaye sun ga wannan da idonsu, ba labari aka ba su ba. To, in shekara huɗu ta yi wa sabon dogo haka a cikin babban birnin ƙasa, inda manyan hukuma suke wucewa safe da yamma, yaya ke nan halin tsofaffin hanyoyin jirgi na ƙasar Arewa, waɗanda suka yi shekaru aru-aru a cikin daji ba mai leƙa su?

Mafi kusa da Bwari daga cikin waɗannan tsofaffin hanyoyi shi ne reshen da ya tashi daga Minna ya nufi kudu zuwa Baro a bakin Kogin Kwara, tsawonsa kimanin mil 110. Yau ana kiransa reshe, amma a tarihi shi ne tushe. Daga Baro aka soma shimfiɗa dogon Arewa cikin 1907, zamanin Gwamna Girouard, wanda ya gaji Gwamna Lugga, kuma wanda dā ma ya ƙware da aikin dogo tun a ƙasar Sudan. Jiragen ruwa ne suka riƙa hawo da ƙarafa ta kogi suna saukewa a Baro, talakawan ƙasar Nufe da na Gwari da na Zazzau da na Kano kuwa su ne suka sare daji, suka ɗauki ƙasa a ka, da yawansu ba da son ransu ba, har dogo ya isa Kano cikin 1911. Turawa auduga suka sa rai zai kwaso musu, sai manoman Kano suka juya ga gyaɗa, daga nan aka sami asalin dalar gyaɗa da ake ba da labari.

Darajar Baro ba ta daɗe ba. Cikin 1912 aka haɗa dogon Ikko da na Arewa a Minna, cikin 1916 aka gama gadar Jebba, sai kaya suka riƙa wucewa kai tsaye zuwa bakin teku. Ga shi kuma manyan jiragen ruwa ba su iya zuwa Baro sai lokacin da kogi ya cika. Sannu a hankali harka ta ja baya, har jirgi ya daina zuwa ɗungum. Cikin watan Janairu na 2019 an buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a Baro, jama'a suka yi murna, amma shekaru suka yi ta wucewa ba a ga hada-hadar kaya ba, domin tashar ruwa ba ta aiki sai da hanyar tudu mai kyau. An sha yin alkawarin farfaɗo da dogon, mutanen yankin kuma suna ta jira.

Jiran shi ne abin tsoro. Wanda yake so ya san ƙarshen dogon da aka saki, ya tuna da ƙaramin jirgin nan na Zariya zuwa Jos, wanda aka gina domin kwasar kuza, ya isa Bukuru cikin 1914. Faɗin dogonsa ƙafa biyu da rabi ne kawai, yana bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama, sa'an nan ya hau dutse a hankali. Da babban dogo ya iso Jos ta Kafanchan cikin 1927 sai kasuwarsa ta soma ci baya, cikin 1957 aka rufe shi, aka ɗebe ƙarafan. Abin da ya saura a gani shi ne kawunan jirgi da aka ajiye a gidan kayan tarihi na Jos. Yaro ɗan Soba na yau in aka ce masa jirgi ya taɓa bi ta garinsu sai ya ɗauka tatsuniya ce. Da a ce an bar ko mil ashirin na wannan hanya inda take hawan dutse, da yanzu ƙasar nan tana da abin nuna wa baƙi irin na ƙasar Indiya, inda ƙaramin jirgin Darjeeling, wanda aka buɗe cikin 1881, yake hawa da mutane bisa duwatsu har yau, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta sa shi cikin kayan tarihin duniya cikin 1999.

Kowane alhaji da ya ziyarci Madina yana iya ganin wani misali ba tare da ya yi nisa da Masallacin Annabi ba. A unguwar Anbariyya akwai tsohuwar tashar jirgin Hijaz, wanda Sarkin Musulmin Istanbul Abdulhamid na Biyu ya sa aka gina daga Dimashƙa, ya iso Madina cikin 1908. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya lalata hanyar, jirgi bai ƙara ɗaukar alhazai ba, amma hukumar Saudiyya ba ta sayar da tashar ga masu awon ƙarfe ba. Gyara ta aka yi, aka mai da ita gidan kayan tarihi, ga taragu da kawunan jirgi nan a jere. A ƙasar Wales ta Birtaniya kuwa, ba gwamnati ce ma ta yi aikin ba. Cikin 1951 wasu masu sha'awa suka haɗa kansu suka karɓi wani ɗan dogo mai suna Talyllyn, mai tsawon mil bakwai, wanda ya tasam ma mutuwa, suka riƙa tafiyar da shi da aikin gayya, yana nan yana ɗaukar masu yawon buɗe ido. Amurka ita kuma cikin 1983 doka ta yi, wadda ta yarda a ɗebe ƙarafa a mai da hanyar jirgi ta masu keke da masu tafiya a ƙasa, amma filin ya zauna a ajiye da sunan dogo, ran da aka so mai da jirgi a mayar ba tare da biyan diyya ko rusa gidan kowa ba.

Wannan dabara ta ƙarshe ita ta fi dacewa a duba. Dukiyar da take cikin tsohon dogo ba ƙarfen ba ne kaɗai. Babbar dukiyar ita ce hanyar kanta: fili miƙaƙƙe wanda aka riga aka daidaita, aka cike kwari, aka yanke tudu, aka gina gadoji da kwalbatoci, babu hawa mai tsanani ko gangara. Ƙarfe in an sace ana iya sayo wani. Fili kuwa in aka yi gine-gine a kansa, ko zaizayar ƙasa ta cinye shi, ya tafi ke nan.

Hanyar Minna zuwa Baro tana ratsa ƙasa mai albarka. Ga Kataeregi, ga Badeggi inda hedkwatar Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa take, a tsakiyar fadamun shinkafa, ga Katcha mai kasuwar kifi, ga Baro da tsofaffin gine-ginen Turawa da na kamfanoni a gindin dutse. Daga Badeggi kuma ɗan taƙi ne zuwa Bida, garin masu ƙirar tagulla da masu narka gilashi na Masaga. Abin da manomin wannan yanki yake kuka da shi kowace damina shi ne hanyar fitar da amfanin gona. Inda ƙarafa suke da sauran ƙwari, ana iya ɗora musu ƙananan taragu marasa nauyi irin na ma'aikatan gyaran dogo, su riƙa kai buhunan shinkafa da doya da mutane daga ƙauye zuwa kasuwa. Inda ƙarafa suka tafi, a share hanyar, a zuba mata tsakuwa, ta zama ta keke da babur da amalanke. Tsofaffin tashoshi a yi musu rufi, wata ta zama rumbun ajiya, wata ɗakin shan magani, wata masaukin baƙi. Bai zama dole a tari mil 110 gaba ɗaya ba. A fara da guntun da yake tsakanin Badeggi da Katcha, in ya yi kyau a ƙara gaba.

Wajibi ne amfanin mutanen ƙauye ya zo da fari, na baƙo ya biyo baya. Dalili kuwa shi ne babu yawan 'yan sanda ko masu gadi da zai tsare dogo mai tsawon haka. Mai tsaron dogo na gaskiya shi ne mutumin da gonarsa take gefensa. In yana cin moriyarsa, ɓarawon ƙarfe ba zai kwana a garin ba. In kuwa ba ya samun kome, to, ba ruwansa, watakila ma shi zai nuna wa mai babbar mota inda ƙarfen ya fi kauri. Kusan kowace shekara jami'an tsaro suna kama motoci maƙare da ƙarafan dogo a jihohin Arewa, waɗanda ba a kama ba kuwa Allah kaɗai Ya san yawansu.

A nan ne ƙasar Bwari take da abin koyarwa, take kuma da abin koyo. Ba ta da tsohon dogon Turawa, amma tana da abubuwa biyu da Baro ta rasa, watau jirgi mai tafiya da mutane masu kuɗin kashewa. Jirgin Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe cikin watan Yuli na 2016, yana tsayawa a Kubwa. Makarantar Horar da Lauyoyi ta Ƙasa ta komo Bwari tun 1997, hedkwatar hukumar JAMB tana nan, ga jami'a, ga dubban ma'aikata masu neman inda za su kai 'ya'yansu ran Asabar. Ga kuma madatsar ruwa ta Usuma a tsakanin duwatsu, ga ƙauyen Ushafa inda matan Gwari suke ginin tukwane, a cibiyar da aka kafa zamanin shirin kyautata rayuwar matan karkara na marigayiya Maryam Babangida. Shugaban Amurka Bill Clinton da kansa ya ziyarci Ushafa cikin watan Agusta na 2000, sunan ƙauyen ya zaga duniya. Amma suna ba ya sayen tukunya. Mai sayen tukunya shi ne baƙon da ya sami hanya mai sauƙi, ya zo, ya zauna, ya ci abinci, ya koma lafiya, ya gaya wa wani.

Saboda haka ya kamata Ƙaramar Hukumar Bwari da Hukumar Jiragen Ƙasa su gwada abin a ƙofar gida. A sa motocin haya amintattu daga tashar Kubwa da ta Gbazango zuwa Ushafa da Usuma a ranakun hutu, a ba matan Ushafa rumfa a cikin tashar, a koya wa samarin garin yadda ake yi wa baƙo jagora. In aka ga yadda fasinjan jirgi yake zama mai ciniki ga matar ƙauye a Bwari, an sami abin kwaikwayo da za a kai Badeggi da Baro. Baƙin farko da za su je can ma daga cikin waɗannan mutane za su fito, domin daga Bwari zuwa Minna ta Suleja tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota.

Ba a ɓoye cewa akwai babbar matsala, ita ce ta tsaro. Ran 28 ga watan Maris na 2022 'yan ta'adda suka tare jirgin Kaduna, suka kashe mutane, suka tafi da wasu daji, jirgi bai koma aiki ba sai ran 5 ga watan Disamba na wannan shekara. Cikin watan Janairu na 2024 sace-sacen mutane suka addabi wasu unguwannin ƙasar Bwari. Jihar Neja ita ma ta sha wannan wuya, musamman ta arewacinta. Ba mai hankalin da zai ɗauki iyalinsa ya kai inda ba shi da tabbacin dawowa. Don haka ne ya zama tilas a fara daga wuraren da suke zaune lafiya, a kuma sa sarakuna da masu unguwanni a gaba. Amma a tuna, hanyar da jama'a suke bi dare da rana ta fi wuyar zama maɓoyar mugu bisa ga wadda aka bar wa ciyawa.

Uzurin doka kuwa ya riga ya kau. Tun daga dokar 1955 sha'anin dogo yana hannun Gwamnatin Tarayya ita kaɗai, jiha ba ta da ta cewa. Cikin watan Maris na 2023 aka sa hannu a kan gyaran Tsarin Mulki wanda ya ba jihohi iko su ma su shiga harkar. Filin da ƙarafan suna nan mallakar Hukumar Jiragen Ƙasa, amma ba abin da ya hana Gwamnatin Jihar Neja ta zauna da ita su yi yarjejeniyar haya, tare da masarautun Bida da Agaie da Minna, a rubuta a sarari cewa ran da babban jirgi ya tashi dawowa za a ba shi hanyarsa.

Aikin farko ba ya bukatar miliyoyi. A tura ma'aikata su bi hanyar daga Minna har Baro, su ƙidaya gadoji da tashoshi da abin da ya rage na ƙarafa, a buga sakamakon kowa ya gani, a danƙa amanar kowane yanki ga dagacin da yake kusa da shi. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Kakannin mutanen nan sun zub da gumi, wasu sun bar rayukansu, wajen shimfiɗa wannan hanya domin amfanin wasu. Abin kunya ne a ce jikokinsu ba su sami kome daga gare ta ba sai kuɗin awon ƙarfe a hannun 'yan gwangwan. Allah Ya sa masu iko su farga tun da sauran abin da za a ceta.