Kafin Ka Kai Furojek Gaban Malamai, Auna Wutar da Yake Sha

A hutun da ya wuce na haɗa wata 'yar na'ura na kai wa kawuna da ke noman rani a gefen madatsar Sabke. Aikinta ɗaya ne: ta auna damshin ƙasa, in ya ragu ta kunna fitila. Na ɗora ta a kan Arduino Uno, na sa mata batirin nan mai kusurwa huɗu na bolt 9, na dasa ta da la'asar ina ta washe baki. Kafin gari ya waye ta mutu murus. Kawu ya ɗaga ta ya jujjuya, ya ce, "Ɗana, wannan abin naka ai ya fi injin ban-ruwa shan mai."

Da na zauna na yi lissafi sai kunya ta kama ni. Allon Uno yana jan kusan miliamfa 50, batirin kuma abin da ke cikinsa bai wuce ya ba da hakan na awa 10 ba. Na'urar da ke buƙatar aiki na daƙiƙa ɗaya cikin kowane rabin awa, ni na bar ta tana gudu dare da rana. Me take yi duk tsawon lokacin? Ba komai. Agogonta ne ke bugawa sau miliyan 16 a daƙiƙa, kowane bugu kuma da kuɗinsa.

Wanda ba ɗan injiniya ba zai ce wane agogo kuma? Ku tuna gayya. Mai gangar noma yana kiɗa, majiya ƙarfi suna sara a tare, kowane sara a kan bugu. Haka cikin wayarka yake: akwai wani ɗan dutse da ke kaɗawa, da bugunsa ne bayanai ke tashi daga wannan sashe su faɗa wancan. Matsalar ita ce makaɗin nan shi ma yana shan fura. Ko an tashi daga gona, in ba a ce masa ya tsaya ba, kiɗa zai ci gaba da yi, kuma duk wayar da bugun ya ratsa sai an cika ta da caji an zubar. Shi ya sa rarraba bugun agogo kaɗai ke cinye kaso mai tsoka na wutar da guntun lantarki ke sha.

Lissafin ba boyayye ba ne, yana cikin littattafanmu. Wutar tana hawa daidai da saurin agogo, tana kuma hawa da bolt sau bolt. Ka rage sauri daga megahaz 16 zuwa 8, ka raba ta biyu. Ka sauko daga bolt 5 zuwa 3.3, abin da ya saura bai kai rabi ba. Haɗa biyun, kana ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu. Sannan ga barci: guntun ATmega328P da ke kan Uno, in aka ciro shi daga allon aka tsayar da agogonsa, abin da yake ja bai kai ka ambata ba, 'yan maikro'amfa ne. Layi kaɗan ne na umarni. Ni dai ban rubuta su ba, don ban taɓa ganin an rage wa wani maki a kan haka ba.

Wajen aika bayanai ma dabarar duk ta makaɗi ce. I2C da kamfanin Philips ya fito da shi a 1982 waya biyu gare shi, ɗaya ta saƙo, ɗaya ta agogo, kuma agogon ba ya bugawa sai da saƙo a hanya. UART ya sallami makaɗin tsakani gaba ɗaya, ɓangarorin biyu su yarda da sauri, misali 9600, kowa ya ƙirga da kansa. USB yana cusa bugun a cikin saƙon. Ma'ajiyar DDR da ke cikin kwamfutocinmu kuwa tana aika bayani a hawan bugu da saukarsa, wato sara biyu a kiɗa ɗaya.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a ɗakin kwana: "Malam, mu da ba ma ƙera guntu a Nijeriya, ina ruwanmu?" To ai ba mu ƙera ba, amma mu ke zaɓar saurin da zai yi da lokacin da zai kwanta. Wani kuma ya ce a ƙara faifan sola mana. Da kuɗin wa? Manomin Sandamu ko Baure da za ka kai wa na'urar, ko mai POS a Kongolam da ke biyan kuɗin caji kullum, ba su da rarar da za su rufe ragwancinmu da ita. Injiniyan da ke Jamus zai iya mantawa da wannan ya kwana lafiya. Mu da ake ɗauke wa wuta ana tsakiyar karatu ba mu da wannan uzurin.

Ba kuma cewa nake rage sauri ne maganin komai ba. Wani lokacin ya fi sauƙi na'ura ta yi aikinta da gudu ta koma barci. Agogon cikin guntu, wanda ba na dutse ba, yana kuma gocewa da zafi, kuma zafin bazarar Daura da ke haura digiri 40 ya isa ya sa saƙon UART ya zo a hargitse. Sai an gwada, sai an auna.

Awon nan shi ne roƙona. Ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai ta kai wa shugabannin sassa shawara: duk furojek mai aiki da batir ko sola, a buƙaci shafi ɗaya da ke nuna abin da yake ja yana aiki, abin da yake ja yana barci, da kwana nawa batirin zai yi. A ware masa maki, ko biyar ne. Mitar awo tana nan a ɗakin gwaji, minti goma ya isa.

Tawa na'urar na sake ta a kan guntu tsirara, megahaz 8, tana farkawa duk rabin awa. Sati uku ke nan tana gonar kawu a kan batir ɗin da na sa mata ranar farko.