Saiwa Ma Tana Gajiya

Kullum magana guda: "Bar awaki su ci, ai sabara ba ta mutuwa." Haba baba! Ganye ke ciyar da saiwa. In an cinye toho, saiwa ta ɗebo ajiyarta ta fiddo wani. A sake cinyewa, ta sake ɗebowa. Ranar da rumbunta ya ƙare, kututture ya bushe, iska ta kwashe ƙasar gonarka.

Dogon yaron da anka dasa a kwarin Majiya tun 1975, masu gadi sunka tsare shi daga dabbobi har ya girma. A Maradi, sassaben zamani ya maido itatuwa ba dashe: a bar toho biyu ko uku, a kare su. Mu a Sabon Gida, me muke jira?