Gwajin CA-125 Ba Takardar Mutuwa Ba Ce

Malam, ka rubuta cewa duk macen da gwajin CA-125 ya haura mata 35 tana da ciwon dajin ƙwan mahaifa. Ba haka ba ne, kuma maganarka tana kashe gwiwa. Haila kaɗai tana ɗaga shi. Haka juna biyu, ƙarin mahaifa, ciwon hanta da tibi na ciki. Akwai ma ƙarin ƙwai marar daji mai tara ruwa a ciki da ƙirji, ana cire shi a warke. Sannan kusan rabin masu dajin a matakin farko, nasu bai hau ba. 'Yar Sabon Birni ko Isa da ta ratso hanyar 'yan bindiga zuwa Asibitin Koyarwa na Ɗanfodiyo, Sakkwato, hoton mara da likitan mata take buƙata kafin a yanke hukunci.