Kafaɗar Ƙarfe da Kafaɗar Manomi

A shekarar 1893, a birnin Paris, likita Jules-Émile Péan ya cire mahaɗar kafaɗar wani mutum da ƙwayar cutar tarin fuka ta cinye masa ƙashi, ya sa masa ta roba da ƙarfe. Bayan shekara biyu sai da aka cire ta, amma an riga an buɗe ƙofa. Wajen 1955 Charles Neer na Amurka ya kyautata aikin musanya kan ƙashin damtse. A 1985 kuma Paul Grammont na Faransa ya zo da kafaɗar da ake kira juyayya: ya ɗora ƙwallon a jikin allon kafaɗa, ya mayar da gurbinsa kan ƙashin damtse. Hikimar ita ce, ko da jijiyoyin da ke riƙe da mahaɗar sun tsinke, babbar tsokar da ta lulluɓe kafaɗa za ta iya ɗaga hannu. Tun da Amurka ta amince da ita a farkon ƙarnin nan, yawan wannan tiyata yake ƙaruwa, har juyayyar ta zarce ta asali, musamman tsakanin tsofaffi.

Wannan ci gaba abin yabo ne. Sai dai idan aka auna shi da halin Gambaga, Yendi, Salaga da Bawku, za a ga cewa bai kamata ya zama abin da arewacin Gana zai fara nema ba.

Dalili na farko shi ne sana'a. Wanda aka sa wa kafaɗar ƙarfe, likitoci kan hana shi ɗaukar kaya mai nauyi, don kada ta kwance ko ta goce. Wannan sharaɗi mai sauƙi ne ga tsohon ma'aikaci da ke zaune yana cin fansho. Manomin doya na Salaga kuwa, da mai lodin albasa a Bawku, ƙarfin kafaɗa ne jarinsu. Dalili na biyu shi ne kuɗi: inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa a 2003, ba ta biyan kuɗin gaɓoɓin roba da na ƙarfe.

Dalili na uku ya fi nauyi. Kafaɗa da yawa a wannan yanki haɗarin babur ko faɗuwa ne ke lalata su, kuma raunin iri uku ne da ake yawan rikitawa. Targaɗe rauni ne na jijiya. Gocewa ita ce fitar kan ƙashi daga gurbinsa. Karaya kuwa ƙashin ne da kansa ya karye. Dukkansu suna kumbura, suna zogi, hoton ƙashi ne ke rarrabe su. Gocewar da aka kai asibiti a ranar da ta faru, sau da yawa akan mayar da ita ba tare da yanka ba. Idan ta wuce mako uku, nama ya riga ya ɗaure, sai an yi tiyata, wani lokaci ma hannun ba ya komawa daidai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mutane suna zuwa wurin masu ɗori ne saboda suna kusa, suna da sauƙin kuɗi, an kuma san su tun kaka da kakanni. Zaginsu ba zai hana a je ba. Abin da ya dace shi ne a jawo su a jiki, a nuna musu alamomin gocewa da na mutuwar jijiya, kamar hannu ya yi sanyi ko yatsu su daina motsi, domin su tura majinyaci asibiti da wuri. Asibitin Baptist na Nalerigu, kusa da Gambaga, da asibitocin Yendi, Salaga da Bawku sun cancanci a wadata su da na'urar hoton ƙashi mai aiki da ƙwararrun masu gashi da motsa gaɓoɓi. Tiyatar musanya kuwa a bar wa Asibitin Koyarwa na Tamale, domin 'yan ƙalilan da ba su da wata mafita.

Manomin da aka mayar wa kafaɗa a daren da ya faɗi, yana iya riƙe fartanya kafin damina ta kankama.