LAFIYA UWAR JIKI: Hanyar da Numfashi ke Bi

 Ga hunturu ya shigo. Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Doka da sassafe a kwanakin nan, da ƙyar zai hango rimin da ke gabansa saboda hazo. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, kowane gida ka shiga sai ka ji tari. Don haka a wannan wata za mu yi magana a kan hanyar da numfashi ke bi cikin jikinmu.

Abin da ya sa na zaɓi wannan magana shi ne wata uwa daga cikin birni da ta kawo ɗanta mai shekara biyu. Ta ce yana cin gyaɗa yana wasa da yayyensa, sai ya ƙware, ya yi ta tari har idonsa ya yi ja. Can sai tarin ya lafa, aka ce Allah ya kiyaye, gyaɗar ta wuce. Bayan kwana huɗu zazzaɓi ya rufe shi, numfashinsa yana fito. Gyaɗar ta wuce kam, amma ba ciki ta tafi ba. Kafin ku gane inda ta shiga, sai mun bi hanyar tun daga ƙofa.

A Littafin Farawa, sura 2 aya 7, an nuna mana cewa ta hanci ne Allah ya sa wa mutum numfashi, sa'an nan ya zama rayayye. Hanci kuwa kamar zauren gidajen birnin Zazzau yake. Baƙo ba ya faɗawa tsakar gida kai tsaye, sai ya tsaya a zaure ya kakkaɓe ƙura. Haka iska. Gashin hanci yana tare manyan ƙura, majina tana kama ƙananan, jinin da ke gudana a bangon hanci yana ɗumama iskar, damshin wurin kuma yana jiƙa ta. Shi ya sa idan ka fyace da hunturu sai ka ga majina ta yi baƙi: zaure ya yi aikinsa ke nan. Wanda mura ta toshe wa hanci ya kwana yana numfashi ta baki, ya san yadda maƙoshi ke bushewa kafin gari ya waye.

Daga hanci iska ta gangara bayan baki. Nan akwai mararraba, domin abinci da iska suna haɗuwa wuri ɗaya sa'an nan su rabu. Hanyar iska tana gaba, ita ce maƙogwaron da kake taɓawa a wuyanka. Hanyar abinci tana bayanta. A bakin hanyar iska akwai wani ɗan murfi mai kama da ganye. Duk lokacin da ka haɗiye, maƙogwaro ya hau sama, murfin ya rufe, lomar tuwo ta bi ta kansa ta wuce baya. Ɗora yatsa a wuyanka ka haɗiyi yawu, za ka ji hawan. In mutum yana dariya ko surutu da abinci a baki, murfin yana buɗe, sai a ƙware. Iyayenmu da suka hana magana a kan akushi ba ladabi kaɗai suke koya mana ba.

Tun da mun zo nan, bari in taɓa maganar beli. Beli shi ne ɗan naman nan da ke reto a ƙarshen ganɗa. Yana taimaka wajen rufe hanyar hanci sa'ad da ake haɗiya. Ba ya toshe numfashi, ba ya hana jariri shan nono, ba ya kuma fashewa ya kashe yaro kamar yadda ake faɗa. Duk da haka har yau a gidaje da yawa, har da na masu bi, ana kiran wanzami ya cire shi kafin ranar suna. Na san kakanni ne sukan nace, amarya kuwa ba ta da baki a gaban surukarta. To, maigida, kai ne za ka yi magana da ladabi. Jariri ba shi da jinin da zai zubar, ƙarfen da ba a dafa ba kuma yana iya sa masa ciwon nan mai sandare jiki ya ɗaure haƙora, ko cutar hanta daga jinin wani.

Ƙarƙashin murfin akwai akwatin murya, inda waɗansu jijiyoyi biyu ke kaɗawa idan iska ta ratsa su. Da su mata zumunta ke rera waƙa ran Lahadi. Daga nan sai babban bututu, tsawonsa a babban mutum wajen santimita 10 zuwa 12. Wanda yake so ya gan shi da idonsa, ya je wurin mahauta a kasuwar birni ya ce a nuna masa maƙogwaron rago tare da huhunsa. Zai ga zobe-zobe na guringuntsi jere. A mutum sun kai 16 zuwa 20, kowannensu bai haɗe ta baya ba, don hanyar abinci ta sami wurin buɗewa. Zoben nan ne ke hana bututun lotsewa. A ƙaramin yaro kuwa fāɗin bututun bai wuce ɗan ƙaramin yatsansa ba. Ku dubi yatsan, ku dubi ƙwayar gyaɗa.

A tsakiyar ƙirji bututun ya rabu biyu, ɗaya zuwa huhun dama, ɗaya zuwa na hagu. Na dama ya fi fāɗi, ya fi gajarta, ya kuma fi miƙewa ƙasa. Saboda haka abin da ya ɓace hanya yakan fi faɗawa can. Nan ne gyaɗar yaron nan ta tsaya. Da ta sauka ƙasa sai tarin ya lafa, amma ta kumbura ta toshe reshen, majina ta taru a bayanta ta ruɓe. Sai da aka sa masa barci a babban asibiti, aka zura wani siririn bututu mai fitila, aka zaro ta. Ya warke, mun gode Allah. Kada a ba yaron da bai kai shekara 5 ba gyaɗa ko aya ko gurjiya gudanta, a daka masa. In kuwa yaro ya ƙware har ya kasa kuka ko tari, kada a zura yatsa ana lalube, kada kuma a ɗura masa ruwa. Jariri a kifa shi bisa hannu, kansa ya yi ƙasa, a bubbuga tsakanin kafaɗunsa sau 5 da gindin tafin hannu, a juyo shi a danna tsakiyar ƙirjinsa sau 5 da yatsu biyu, a yi ta maimaitawa. Wanda ya wuce shekara ɗaya, bayan bugun baya sai a rungume shi ta baya a matsa saman cibiyarsa ciki da sama. Ko abin ya fito, a kai shi a duba.

Cikin huhu kowane bututu ya yi ta rassa, kamar rimi da aka juya kansa ƙasa, rassan suna ƙara siranta har su fi zaren ɗinki. A ƙarshensu akwai 'yan jakunkuna na iska, fiye da miliyan 300, bangonsu ya fi fatar albasa siranta nesa ba kusa ba, jijiyoyin jini sun nannaɗe su. A nan ake musaya. Cikin iskar da muke shaƙa, wajen kashi 21 cikin 100 iskar oksijin ce, wadda jiki ke rayuwa da ita. Jini ya ɗebi rabonsa, ya sauke gurɓatacciyar iskar da ya kwaso daga jiki, mu fitar da ita. Huhun dama kashi uku ne, na hagu biyu, domin ya bar wa zuciya wuri. Huhu ba ya jan iska da kansa. Akwai wani faffaɗan nama mai kama da ƙwarya a kife, wanda ya raba ƙirji da ciki. In ya sauka, haƙarƙari ya buɗe, sai iska ta shiga, kamar zuga-zugin maƙeri. In ya zabura ba shiri, shaƙuwa ke nan.

Bangon bututun nan yana da waɗansu 'yan gashi da ido ba ya gani, dare da rana suna share majina da ƙura zuwa sama. Hayaƙi yana kashe musu ƙarfi, na taba ne ko na itace. Uwa tana tuƙa tuwo a madafa marar taga, goyo a bayanta, su biyu suke shan hayaƙin. In da hali a yi girki a fili. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne kaskon gawayi a ɗaki rufe saboda sanyi, ko janareto a zaure. Suna fid da wata iska marar wari marar launi, mutum ya yi barci bai farka ba.

Ga abin da nake so kowace uwa ta iya: ƙirga numfashi. Babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, yara sun fi sauri. In yaro yana tari, ki bari ya natsu, ki ɗaga rigarsa, ki duba agogo ki ƙirga minti ɗaya cif. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya kai sau 60, ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa shekara ɗaya, sau 50. Daga shekara ɗaya zuwa 5, sau 40. In ya kai haka, ko kika ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki sa'ad da ya ja numfashi, ko ya ƙi nono, to ciwon huhu ne ake tsoro, wato 'yan jakunkunan nan sun cika da ruwa. A yi addu'a, a kuma kama hanyar asibiti a ranar. Tsagar wanzami a haƙarƙari ba ta kaiwa inda ciwon yake.

Mu a Zariya ba mu da hujjar jinkiri. Tun 1905 Likita Miller na mishan ɗin C.M.S. yake ba da magani cikin birni, kafin mishan ta koma Wusasa a 1929, inda asibitin St. Luke yake. Ga asibiti a Ƙofar Gayan, ga asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. A Saye kuma akwai cibiyar ƙasa ta koyar da aikin tarin fuka da kuturta.

Tarin fuka ba sammu ba ne, ba kuma gādo ba. Ƙwayar cuta ce, wadda wani likitan Jamus, Robert Koch, ya gano a 1882, tana bin iska daga mai tari zuwa wanda suke kwana ɗaki ɗaya. Duk wanda ya yi mako 2 yana tari, ga rama, ga zufa da dare, ya kai kakinsa a auna. Maganin kyauta ne, ana shansa wata 6. Da yawa sukan ji sauƙi bayan wata 2 su ajiye, sai ciwon ya dawo da ƙarfin da maganin farko ba ya iya masa. A samu mutum ɗaya cikin gida, ko dattijon ikkilisiya, wanda zai riƙa ganin an haɗiye ƙwayar kowace safiya, a kuma kai yaran gidan a duba su ko ba sa tari.