Ba Kowace Shuka Ke Son Taki Ba: Zancen Furotiya

'Yan'uwa manoma, kullum muna gaya muku ku sa taki a gona, kuma ba mu janye maganar ba. Amma yau za mu yi zancen wani ɗan itace wanda taki ke kashewa. Sunansa furotiya. Furensa na da tsada a kasuwannin Turai, don haka mai neman sabuwar hanyar samun kuɗi yana iya ɗaukar ɗoki ya sayi irinsa. Ra'ayinmu shi ne, kada kowa ya fid da ko kwabo kafin ya san inda itacen ya fito da abin da yake bukata.

Gidan mafi yawan furotiya shi ne duwatsun kudu maso yammacin Afirka ta Kudu, wajen birnin Kef Tawun. Babba a cikinsu, wanda ake kira sarkin furotiya, furensa yakan kai faɗin santimita 30, kamar faranti. Shi ne furen ƙasar tun 1976. A wannan yanki ruwa yakan sauka ne da sanyi, wajen Mayu zuwa Agusta, lokacin zafi kuwa rani ne. Ƙasar wurin yashi ce mai tsami, ba ta riƙe ruwa, abincin shuka kuma kaɗan ne ƙwarai a cikinta.

Saboda wannan talaucin ƙasa, furotiya yana fid da wasu ƙananan saiwoyi cunkus kamar burushi, masu tsotso ɗan sinadarin fosfaras da ke akwai. In aka zuba masa sufa ko kamfa, sai ya sha fiye da kima, ganye ya ƙone, itacen ya mutu. Kashin kaji ma haka yake yi masa. Toka da farar ƙasa kuwa suna kashe tsamin da yake so. Abincin wani, gubar wani.

To, yaya masu renonsa a can suke yi da iri? Da fari sukan zaɓi ƙwaya mai ƙiba da nauyi, gama yawancin irin da ke cikin fure fanko ne. Sukan shuka daga Maris zuwa Mayu, farkon sanyinsu ke nan, sa'ad da rana ke da ɗumi dare kuma da sanyi, domin wannan bambanci ne ke ta da irin. Sukan cika akwati mai zurfi da yashi mai tsabta haɗe da ruɓaɓɓen ɓawon itace, su rufe irin da ƙasa kamar santimita 1, su riƙa ba shi ruwa daidai, ba jagwab ba. Ɓera da tsuntsu suna son irin, sai a rufe akwatin da raga. Tsiro yakan fito daga mako 3 har zuwa wata 3, kuma ba duka lokaci ɗaya ba. In ganyen gaskiya na fari ya fito, a dasa shi da ƙasarsa a hankali. Bayan dashe ba a noma gindinsa da fartanya, gama saiwoyin suna kusa da sama. Cire ciyawa da hannu ake yi.

Daga nan sai jira. Furotiyar iri takan yi shekara 3 zuwa 5 kafin fure na fari. Kuma 'ya'yan ba su fitowa daidai da uwar. Shi ya sa manyan gonakin da ke sayar da fure suka fi dasa reshe. Wanda ya ci bashi don ya sayi iri, da me zai biya kafin shekarun nan su cika?

Babban dalilin da ya sa muke jan kunne shi ne damina. Namu ruwan yana zuwa tare da zafi. Akwai wata cuta ta cikin ƙasa mai ruɓar da saiwa, wadda ke yaɗuwa a ƙasa mai ɗumi da laima, ita ce babbar abokiyar gāban furotiya ko'ina a duniya. A ƙasashenmu masu zafi, balle a fadama ko ƙasar laka, irin Kef ba shi da wurin zama.

Wani zai ce, ai ana nomansa a Ostareliya da Hawayi da Isra'ila, har da Zimbabuwe inda ruwa ke zuwa da zafi kamar namu. Gaskiya ne. Amma a Zimbabuwe kan tudu da tsaunuka ake yinsa, inda akwai sanyi da gangara mai zubar da ruwa. A wajenmu, wuraren da suka yi kama da haka su ne tudun Jos da na Mambila. Ko a can ma, sai a fara tambaya: wa zai saya? Fure ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu. Yana bukatar ɗakin sanyi, da mota, da mai saye wanda aka riga aka shirya da shi.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura ba. Muna da tamu furotiyar. Wani iri mai farin fure, wanda masana ke kira Protea madiensis, yana fitowa da kansa a dajin tsakiyar Nijeriya da kan duwatsu, kuma yakan toho daga kututture bayan gobarar daji. Wanda ke son koyon wannan aiki, bari ya fara da shi. Ya tsinko busasshen fure, ya zaɓi ƙwaya, ya shuka a akwati biyu ko uku, ya rubuta ranar shuka da ranar tsiro. In ya lalace, babu asarar kuɗi. In ya yi, an sami ilimi, an kuma kiyaye itacen da gatari da sharar gona ke ragewa.

Saboda haka shawararmu uku ce. Mutanen ƙasa mai zafi su bar zancen, su sa ƙarfinsu ga mangwaro da gwaiba da zogale. Mutanen tudu su gwada kaɗan a gefen gida, da kuɗin da ba na abinci ko na makarantar yara ba. Kowa kuma, kafin ya karɓi baƙon iri daga hannun ɗan kasuwa, ya tambayi ƙasar da ya fito, da lokacin ruwansu, da shekarun jira. In mai sayarwa ya kasa amsawa, ku riƙe kuɗinku, ku nemi malamin gona.