Zinariya Tana Ƙarewa, Saniya Tana Haihuwa

'Yan'uwa makiyaya da fataken shanu, kullum a Wagadugu ana yi wa baƙi masu jari kirari. To, ina jarin ya dosa? Ramin zinariya! Tun 2010 kamfanin Kanada ke haƙarta a Essakane, ƙasar kiwo, har an tayar da ƙauyuka. Mu kuwa shanunmu da ransu ake loda su zuwa Abijan da Kumasi. Ribar nama da fata ta wasu ce, 'ya'yanmu na shan madarar gari ta Turai.

Dokar kiwo ta 2002 ta kare burtali da mashaya. A bi ta! Mai son zuba jari ya gina mahauta da masana'antar nono, da mu cikin shawara. In ba zai iya ba, ya bar mana dajinmu.